Bakin Auta, Maganar Manaja

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa nema albarka. Mu nan kalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa.

Maganar Auta ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san ta, tun tana yarinya ba ta iya raɗa ba. To a kamfanin ɗinkin da take aiki ƙarar kekuna ba ta bari a ji manaja, sai ya saba sunkuyawa ya faɗa mata a kunne, ita kuma ta ɗaga murya ta sanar. Ranar da bandir ɗin yadi ya ɓata, haka ya sa ta shelanta cewa an kori mai gadi saboda sata. Daga baya aka tsinci yadin a motar kamfanin, direba ne ya manta bai sauke ba. Mai gadi ya kai ƙarar ɓata suna, ya haɗa kamfanin da Auta.

Lauyan kamfanin ya kira ta ofis, har da ruwan sanyi, ya ce in ta sa hannu cewa gaban kanta ta yi, aikinta na nan. Wani lauyan da muka gani ya ce kada ta kuskura: abin da ma'aikaci ya faɗa a bakin aiki bisa umarni, kamfani ke ɗaukar nauyinsa, amma sai da shaida. Abokan aikinta kuwa kowa ya ce idonsa na kan allura. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma raina ya ɓaci.

Jiya ta je ba mai gadin haƙuri, ba da shawarar kowa ba. Ta tarar yaransa sun daina fita wasa, ana ce musu 'ya'yan ɓarawo. Ya ce ba zai janye ƙara ba, amma a bakin ƙofa yake ranar, ya ga wanda ya sunkuya, kuma zai faɗa a kotu. Ta dawo tana kuka, Yaya, ta ce da ma zaginta ya yi. Yau da safe ta mayar wa kamfanin da takardarsu ba sa hannu, suka karɓe katinta na shiga wurin aiki.

Ka sa ta a addu'a. Inna da Kawu suna gaishe ka. A gaida Anti, a shafa min kan 'yan biyu.

Ƙanwarka mai kewarka.