Kada a Gyara Rawar Hoton

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai.

Zuwa ga 'ya'yana uku, Babba da Uwata da Auta, sanyin idanuna. Gaisuwa mai yawa, mai daɗin ƙamshi kamar ƙasa bayan yayyafin farko, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ku gafarce ni da na kutso cikin hidimominku da doguwar takarda, ba sallama ba neman iso. In kun ga layukan sun karkace, laifin hannu ne, hankali yana nan daram. Ina rubuta wannan wasiyya cikin hayyacina, babu wanda ya tilasta ni. Likita ya sa ranar tiyata, kuma bai ɓoye mini cewa aikin da ake yi a cikin kai ba a shigarsa da tabbacin fitowa ba. Na gode masa da gaskiyarsa, na kuma ga ya dace in gyara zancena tun bakina yana hannuna.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa, hanyar rabonsu sananniya ce, ba ni da abin ƙarawa. Ba wanda yake bi na bashi. Littattafan waƙoƙina a kai su ɗakin karatun makarantar da na ƙarar da ƙuruciyata ina koyarwa. Mahaifiyarku kuwa amana ce a wuyanku. Mace ce da ta saurari baitocina shekara da shekaru ba ta taɓa yin hamma a gabana ba, kuma wannan kaɗai ya isa a kira shi jarumtaka.

Na biyu, kuma shi ne ainihin abin da ya zaunar da ni: maganar kyamara. Kun san tsohuwar nan mai cin kaset, mai maɗaurin da gumin tafina ya cinye, wadda murfinta ba ya rufuwa sai an danne shi da babban yatsa. Na saye ta lokacin da Uwata take koyon tafiya, tana dafa kujerun falo ɗaya bayan ɗaya. Ita ta ga Babba ya faɗo daga keke ya miƙe yana rantsuwa wai da gangan ya yi. Ita ta ga Auta ya yi barci da cokali a baki. Ita ta kama mahaifiyarku tana rera waƙa wajen shanya, kafin ta waiwayo ta kore ni da tsumma. Na taɓa yi mata baiti, ga shi:

Tsohuwa mai ido guda, ba ki taɓa yi mini ƙarya ba,
Abin da kika gani shi kika faɗa, ko ɗigo ba ki rage ba.

Ban san zurfin gaskiyar baitin ba sai bara. Uwata ta zauna tana kallon kasa-kasan nan bi da bi, daga na da zuwa na yanzu, sai ta lura hoton da can yana tsaye cak, sannan ya fara ɗan girgiza, sannan ya koma rawa sosai kamar an ɗauke shi a cikin kwalekwale. Ni ina ɗora laifin a kan yawan shan shayi da tsufan na'ura. Ita ba ta yarda ba. Ta ɗauki kyamarar da kaset ta kai wa likita, ya kalla, ya ce a kawo mai hannun. Haka aka gano abin da ke cikin kaina tun ana iya taɓa shi.

Na uku. Daga nan saɓani ya shiga tsakaninku, kuma ina so ku ji yadda nake ganinsa. Babba ya ga na daina ɗaukar kyamara saboda kunyar hannuna, abin ya dame shi. Ya kai ni wani shagon kyamarori da ke hawa na biyu na wani bene, kusa da mai sayar da agoguna, ya sa aka ɗora mini sabuwa a tafi. Wallahi na yi mamaki. Ba ta fi kofin shayi nauyi ba, ba ta cin kaset, tana gani a ɗaki mai duhu kamar mage, kuma tana da wata dabara da take shanye rawar hannu. Na ɗauki hoton titi ta taga hannuna yana kaɗawa, hoton ya fito a natse kamar ruwan randa. Na ji kamar an mayar mini da shekarun da suka tafi. Mai shagon ya ce zai karɓi tsohuwar a yi ciko.

Da labari ya kai kunnen Uwata, ta ce yayanta kunyar ciwon ubansa yake ji, yana neman na'urar da za ta rufe shi. Babba kuma ya ce ƙanwarsa ta tona asirin ubanta a gaban baƙo ba ta shawarci kowa ba. Tun ranar kuka raba ranakun zuwa gida. In wannan ya ga takalmin wancan a bakin ƙofa, sai ya tuna yana da uzuri. Auta ya zama ɗan aike tsakaninku har ya rame, mahaifiyarku tana dafa abincin mutum biyar ana cin na uku. Ku saurare ni: Uwata ta so in rayu, Babba ya so in rayu da mutuncina. Ban taɓa ganin faɗan da ƙauna ta yi wa yawa irin wannan ba, kuma ina alfahari da ku duka biyun. Amma ya isa haka.

Na huɗu, ga hukuncina. A sayi sabuwar. Babba yana da gaskiya, jikokina sun cancanci a ga fuskokinsu tangaran, kuma tsohuwar ta gaji, batirinta ba ya kai ƙarshen waƙa guda. Sabuwar ta zauna a hannun Babba, da sharaɗin duk abin da ya ɗauka a fara kallonsa a falon mahaifiyarku, a talabijin ɗaya, kafin ya watsa shi cikin wayoyinku kowa ya kalla a kan gadonsa. Amma tsohuwar ba za a bayar da ita ciko ba. Wadda ta faɗa mini gaskiya ba zan sallame ta a kan kanta ba. Na ba Uwata ita kyauta tun ina raye, da jakarta da kasa-kasanta, kuma na tabbata 'yan'uwanta ba za su ja ba.

Na biyar. Mai gyaran rediyo na ƙarshen layinmu, mai tabarau ɗaure da zare, shi ya riƙe ran tsohuwar nan bayan kowa ya ce a jefar. Yatsunsa sun fi alƙalamina fasaha. Cajar da ke cikin jakar tasa ce, aro ya ba ni, a mayar masa da godiya. Shi zai juye muku kasa-kasan zuwa abin da zamani yake karantawa. Auta ya kula da wannan.

Na shida, kuma ku riƙe shi da kyau. Mai gyaran ya gaya mini yanzu akwai hanyar da ake bi a daidaita tsohon hoto, a cire masa girgiza. Na roƙe ku kada ku yarda. Ku bincika kasa-kasan nan kaf, ba za ku ga fuskata ba, domin kullum ina bayan gilashi. Abin da ya rage nawa a ciki shi ne numfashina, da dariyata in Auta ya yi wauta, da wannan rawar. In aka goge ta, an goge ni.

In hoto ya yi rawa, 'ya'yana, ku bar shi ya yi rawa,
Ni ne a baya riƙe da ku, hannun ya ƙi sakewa.

Na bakwai. Kafin ranar asibiti ina so, sau ɗaya a rayuwata, in zauna a gaban kyamara. A doguwar kujerar falo, mahaifiyarku tana gefe, Babba a damana, Uwata a haguna. Auta ya kafa sabuwar a kan tebur ya rugo ya tsuguna a gabanmu. Uwata ta riƙe mini hannun nan mai rawa, Babba ya riƙe ɗayan. In Allah ya tashe ni daga gadon tiyata, mu kalla tare mu yi dariyar yadda na ƙame. In kuwa bai tashe ni ba, kun sami hoto guda da muke ciki mu duka, kuma duk wanda ya yi fushi da ɗan'uwansa ya kunna shi kafin ya buɗe baki.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su lura da ku kamar yadda kuka lura da ni, ya sa ƙofar mahaifiyarku ta riƙa cika da takalmanku a rana ɗaya. Ku riƙe juna, ku riƙe ta.

Ina jiran amsarku a rubuce, cikin gaggawa, domin ranar tana matsowa. Kada ku kira ni a waya, kada ku aiko Auta da saƙon baki. Takarda ɗaya nake so, Babba ya fara, Uwata ta ƙarasa, ku faɗa mini ranar da za ku zo. Na riga na sa an goge kujerar.

Mahaifinku mai ƙaunarku.