Ranar Yankan Farce

Litinin, 3 ga Maris
Gwajin jini ya nuna abin ya dawo. Shekara huɗu da yi mini aikin kansar mafitsara, na ɗauka mun yi sallama. Likita ya ce ba zai yi gashin kansar da ka ba, sai an ɗauki hoto an ga inda ta maƙale. In wuri ɗaya ne, da sauƙi. In ta bazu... bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba. Na gaji wallahi.

Alhamis, 6 ga Maris
Maman yara ta ce in gaya wa Auta. Na ƙi. Yarinya da cikin wata bakwai, wancan karon ma ta fi ni ramewa. "Malam, taurin kanka ya fi ciwonka," in ji Maman yara. Na yi kamar ina gyaran rediyo.

Talata, 11 ga Maris
Shekara talatin ina shagon hoto ina daka wa mutane tsawa kar su motsa, yau a ɗakin hoton asibiti wata ma'aikaciya sa'ar Auta ta rama musu. Allura, ruwa kofi uku, zaman jiran awa guda, sannan cikin na'ura hannuwa a sama, hancina na ƙaiƙayi. Da zan fita ta ce maganin allurar zai ɗan jima a jikina, yau kar in kusanci ƙananan yara ko mai ciki. Na ce to.

Shaf na manta Talata ce ranar da Auta ke zuwa yanke mini farce. Na tarar da ita a falo, ta yunƙura za ta karɓi hulata. Na ɗaga hannu da muryar shago: "Tsaya nan! Kar ki matso!"

"Baba, me na yi?"

Na ce mura nake. Ta daɗe tana kallon audugar da ke manne a hannuna. Ko ruwa ba ta sha ba ta tafi.

Laraba, 12 ga Maris
Ba ta kira ba.

Asabar, 15 ga Maris
Na yanke farcen da kaina, na haɗa da nama. Maman yara ta miƙo mini auduga ta juya abinta. Gara ta yi faɗa. Ciwon na ɓoye wa yarinyar don kar hankalinta ya tashi, ga shi na bar ta tana lissafin laifin da ba ta yi ba. Kunya nake ji.

Talata, 18 ga Maris
Hoto ya fito: ɗigo ɗaya ne, kusa da inda aka yi aikin. Alhamdulillahi. Gashi sati mai zuwa, kullum, kusan wata biyu.

Auta ce ta rubuta ranakun gashin, don kaina ba ya riƙewa. Jiya na kira ta, ba wani dogon bayani na yi ba, lambar ɗakin likita kawai na faɗa. Da ta iso asibitin yau ba ta yi kuka ba, faɗa ta yi, irin na uwarta.

A bencin jiran magani ta matso har kafaɗarta na taɓa tawa, ta kama hannuna ta ga ɓarnar da na yi. Ta zaro abin yankan farce daga jaka.

"Kar ka motsa, Baba."

Ban motsa ba.