Kututturen da Shu'aibu Ya Manta

Wara, Ngaski

Yaya Khaulat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin asibiti, ya ƙafar Inna? Na rubuto ne don in na kira ki a waya maigidana yana jina.

Yaya, na gaji. Wata bakwai ke nan da kifewar jirginsa, mutum tara suka rasu, har yau Shu'aibu bai taka bakin ruwa ba. Ƙarar inji kawai zai ji, sai gumi da bugun ƙirji. Maganin firgicin da likitanku ya rubuta ya fara yi masa aiki, har yana cin tuwo yana fita majalisa. To shekaranjiya ina shara na tarar da ƙwayoyin sati uku a ƙunshe cikin tsohuwar komar kamun kifi. Na tambaye shi, ya ce in tambaye ki abin da kika faɗa masa ranar da muka zo Yelwa. Don Allah me kika ce wa mijina?

Ƙanwarki,
Zulai'atu

Yelwa, Yauri

Zulai,

Wa alaikumus salam. Inna da sauƙi, tana gaishe ku.

Na tuna. Na gan shi ya sare ne, shi ya sa na ce masa maganin yana sa ƙwaƙwalwa ta yi sabon toho, kamar zogalen da aka datse. Na zarce da baki. An ga alamar haka a jikin ɓeraye, amma a jikin mutum har yanzu bincike ake yi. Abin da muka sani shi ne yana rage firgici ga mutane da yawa, kuma yanke shi lokaci ɗaya yana da haɗari. Ni ƙarfafa masa gwiwa na so yi. Ina abin gudu a sabon toho?

Yayarki,
Khaulat

Wara

Yaya,

Salam, ina gaisuwa. Kin daɗe a gari, kin manta ruwa. Itatuwan da tafkin ya cinye tun gina dam kututturansu suna nan a ƙarƙashin ruwa, kuma ba takarda ke nuna su ba. Mahaifinsa ne ya nuna masa su ɗaya bayan ɗaya, shekara goma sha biyu suna jirgi tare. A kansa kawai suke.

Jiya ya faɗa mini abin da bai faɗa wa kowa ba. Kututturen da ya fasa jirgin ba baƙonsa ba ne. Ya san shi, ranar ce kawai ya shige masa. Ya ce, "Zulai, tsohon kan da Baba ya cika ma ya zubar da ɗaya. Ina ga sabon da bai taɓa ganin ruwa ba?"

Da magani yana tsoron ya manta hanya, ba magani yana tsoron ruwan. Ni kuma ina tsakiya, wallahi ko kuka na daina iyawa.

Zulai'atu

Yelwa

Zulai,

Salam. Karanta masa wannan da bakinki. Malam Shu'aibu, ka yafe mini. Maganin ba ya sauya kai, ba ya goge abin da Babanka ya koya maka. Alkawarin sabon toho kuwa na janye shi, ban da tabbas. Ku zo Talata likita ya sake tsara maka shan sa. Ina gaishe ku.

Khaulat

Wara

Yaya,

Salam. Za mu zo Talata. Ya yarda, amma sai da ya sa na ɗauko littafi. Kwana biyu yana faɗa ina rubutawa, kowane kututture da inda yake, har arba'in da ɗaya. Na ce saura wanda ya fasa jirgin. Ya ce in rufe littafin, wannan ko me ya sha ba zai fita daga kansa ba.

A gai da Inna.

Zulai'atu