Sunan Ciyawar Dutsen Garatu

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uba da 'yarsa, ina sanar da ke mutanen gida lafiya, sai kewa. Na san inda kike ba a kai wasiƙa. Amma na yanke wata magana ba da izininki ba, kuma ta hana ni sakewa.

Kin tuna lokacin da jariduna suka fara ɓacewa? Na zargi yara, na zargi mai ƙosai. Ranar da aka ɗaga katifata sai ga su a jere, kowace da ganye a cikinta. Ashe wata da watanni ni ne dutsen da ke danne miki bincike, ban sani ba.

Ciyawar ma ba ta kai tsawon yatsa ba. A tsagin dutse kika same ta a Garatu, tana fitar da ɗan fure shuɗi bayan ruwan farko. Manoman wurin suka ce ciyawa ce kawai. Masu kiwo suka ce shanu ba sa kula ta. Na ce wa mahaifiyarki, to, mun haifi mai digiri, ga ta can tana renon abin da akuya ta raina.

Ba ki yi fushi ba. Zaunar da ni kika yi, kika ce ba a cewa halitta sabuwa ce don kawai ba a saba ganinta ba. Sai an ƙirga sassan furen, an auna ƙwayar, an duba gashin bayan ganye a madubin ƙara girma. Sai an gwada ta da danginta da ke ajiye a ɗakunan busassun tsirrai, na nan da na ƙasashen waje, domin in wani ya riga ya raɗa mata suna, nasa ne zai tsaya. In ta tsallake, a zaɓi busasshiya guda a ajiye shaida, a ɗaura mata suna biyu da Latin: na dangi, da nata na kanta.

Na ce to ki sa naki mana. Kika ce, "Baba, a aikinmu abin kunya ne mutum ya sa sunan kansa. Naka zan sa." Na yi dariya, na ce tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa zai ƙare a ciyawa. Amma ki sani, kafin la'asar babu wanda bai ji ba a majalisarmu.

Daminar da ta biyo baya, ciyawar ta yi fure. Ke ba ki gani ba.

Makon jiya Rifkatu, ƙawarki da kuke hawan dutsen tare, ta zo gida nan Barkin Sale. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce amsa ta dawo: babu wanda ya taɓa bayyana ciyawar. Ita za ta ƙarasa rubutun da kika fara. Ta san abin da kika yi niyya, amma tunda yanzu hannunta ne zai rubuta, babu sauran kunya in an sa naki. Ta kuma gargaɗe ni cewa in an buga, an buga ke nan, ba a canzawa.

Ummi, kin san sunan mahaifiyata gare ki. Tun ranar da na raɗa wa liman shi a kunne, bakina bai sake furta shi ba. Ko a makaranta, nuna ki nake yi in ce waccan. Rifkatu ta san sunan sarai, amma ta tsaya tana kallona, ta ce, "Baba, wanne zan sa?"

Na ce, "Safiya."

Muryata ma ban gane ta ba. Mahaifiyarki ta tashi ta shige ɗaki.

Kyauta kika yi mini, na mayar miki, ki yafe. Sunana yana bakin ƙannenki, ya ishe ni. Ke ce kika tafi ba ki bar mai amsa naki ba.

In ruwan farko ya sauka, Rifkatu za ta kai ni Garatu. Gwiwoyina ba sa son dutse, amma zan hau, in tsuguna, in kira ta da sunanta.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa ki da mai sunanki a Aljanna, Ya sa in tawa ta zo in tarar da ku tare.

Ni ne mahaifinki,
Baban Ummi
Barkin Sale, Minna, 2012