Na Ce Musu Ba Komai

'Yata,

Barka da sauka lafiya. Ya jego, ya mijinki? Hoton jikata har direban bas na nuna wa.

Ƙafata da sauƙi, kada ki damu, amma zuwa ganin jaririyar sai an gama shari'a. A wurin aiki aka wanke matakala ba a sa alama ba, na zame. Lauya ta ce sakacinsu ne, saura in tabbatar faɗuwar ce ta raunata ni. Ga takaicin: ina ƙasa manaja ya tambaye ni, na ce ba komai. Ya rubuta, na sa hannu. Shekara uku ina koyon karatu a ajin yamma, ga abin da na sa wa hannu.

Allah ya raya amaryata. Ki koya mata, in ta ji ciwo ta faɗa.

Babanki