Uwar Biyu a Shafi na Saba'in

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sauƙaƙa miki wannan karatu da ya ƙi ƙarewa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida tana yi mana faɗa a kan shanya. Baba kuwa duk baƙon da ya zo sai ya sauko masa da kundin digirinki na biyu daga saman kabad, ya goge bangon da hannun riga, ya nuna masa sunanki, alhali shi kansa bai taɓa wuce shafin godiya ba.

Kundin nan ne ya sa na zauna rubuto miki, don kin san ni a waya, sai in yi ta ɗaga murya in manta abin da zan faɗa. Ashe jami'arku ta sa kundayen ɗalibai a intanet, kowa ya karanta kyauta. Ban ga laifin wannan ba. Matsalar tana shafi na saba'in, inda kika kawo hirarki da matan da suka yi fama da ƙuncin zuciya bayan haihuwa. Na san kin yi musu alkawarin ɓoye sunayensu, kuma a ganinki kin cika, don kin cire sunayen yanka kin sa laƙabi. To amma Auta, wa ya san sunan yankan Uwar Biyu a layinmu? Ni da na girme ki da shekara goma ban san shi ba, mijinta ma ban taɓa jin ya faɗa ba. Kin ɓoye sunan da babu wanda ya sani, kin rubuta wanda ke bakin kowa.

Kin san yanzu reno take yi a falonta, yara tara, masu aiki su ajiye da safe su ɗauka da yamma. Wata malamar asibiti da ke kai mata ɗa tana neman abin da za ta yi nata binciken, sai ta faɗa kan kundinki. Ta karanta inda Uwar Biyu ta ce akwai ranar da ta bar tagwayenta suna kuka, ta fita ta zauna a bakin titi ba ta san inda za ta ba. Ta nuna wa ƙawarta, ƙawar ta fassara wa wasu. Abin da ya faru shekara goma sha biyar da suka wuce, tagwayen har sun fi ni tsayi, amma cikin mako ɗaya an janye yara huɗu. Jiya na shiga na ga ƙananan katifunsu a jingine da bango.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba, kuma rabin haushin na kaina nake ji. Ni na kai ki gidanta, ni na ce mata ta saki jiki, ƙanwata ce. A gabana ta dangwala yatsa a takardar yarda, kina ce mata malamanki kaɗai za su gani, don a lokacin abin da kika sani ke nan. Na san ba da mugun nufi kika yi ba, amma ita ke kwana da abin. Don Allah ki rubuta wa malamin da ya duba aikin da shugaban laburare, su sauke kundin ki gyara. Ki duba sauran matan ma, don na gane Mai Kitso tun layin farko. Sannan ki kira Uwar Biyu da bakinki, kada ki aiko ni.

Da na shiga jiyan, na zaci zan tarar da ita cikin fushi. Ta zaunar da ni, tana jijjiga wata jaririya a kafaɗa, ta tambayi lafiyarki. Da na ce zan sa a cire kundin gaba ɗaya, sai ta ce a'a, sunanta kawai za a cire, maganar a bar ta, don wataƙila akwai wata da ke zaune a bakin titi yanzu tana zaton ita kaɗai ce. Ta ce ba ta yi nadamar gaya miki ba, domin a duk shekarun nan ke kaɗai kika taɓa tambayarta yadda ta ji. Har na tashi ban sha ruwan da ta kawo mini ba.

Inna da Baba suna gaishe ki, haka Kawu da Goggo Ƙarama. Ki gaishe da maigidanki. Baba bai san komai ba tukuna, na bar miki ki gaya masa da kanki.

Taki har kullum,
Yaya.