Na Ce Miki Jininki Ya Yi Kyau

Dada,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ki ba. Ko kina raye ma, ni zan karanta miki ita, kuma da ban iya ba.

Gida lafiya. Yayata Adda Hauwa ta karɓi wurin tuyarki a unguwar Mayo Gwoi, masu sayen masa har yanzu suna ambatonki. 'Yata Ummi ta fara tafiya.

Dada, shekara tara ina aikin gwajin jini a asibiti, amma da kika fara tari, da ido kawai na yanke cewa tibi ne, wato tarin fuka. Na ware miki kofi da kwano. Na hana Ummi shiga ɗakinki. Kin tuna ranar da ta rarrafo ta kama zaninki, na fizge ta a gaban baƙi? Sai kika mayar da hannuwanki kan cinya. Gwajin kaki ya nuna babu tibi, na ƙi yarda, don kada a ce ma'aikacin asibiti ya yi kuskure.

Wata huɗu muna haka, kafin wata likita ta ce a ɗauki hoton ƙirjinki, a kuma duba alamun ciwon daji a jininki. Ni na ɗebi jinin. Jijiyarki ta ɓuya, sau uku ina soka allura, kina ba ni haƙuri kamar ke kika yi laifi. Sakamako ya dawo, alamun sun hau sosai. Aka ɗebi ɗan naman huhu aka tabbatar. Ciwon da ba a ɗauka a jikin mutum, Dada. Ba ki taɓa shan taba ba. Likitar ta ce wataƙila hayaƙin murhun da kika ciyar da mu da shi ne.

Bayan an fara magani aka sake gwajin, alamun suka ƙara hawa. Na san abin da hakan ke nufi. Na ninke takardar sakamakon na sa a aljihu, na ce miki jininki ya yi kyau. Wa nake karewa, ke ko kaina? Kina ta so a kai ki Abbare ku shirya da ƙanwarki, Yafendo, bayan shekarun da kuka yi ba kwa magana. Na ce ki bari sai kin ji ƙarfi. Kika yarda da ni, kika jira.

Har yau Yafendo tana zaton ke kika ƙi zuwa. Ranar Juma'a zan je in faɗa mata. Duk abin da za ta ce mini, zan tsaya in ji.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki.

Ɗanki da bai roƙi gafararki ba,
Buba